Hamlet na wa? Rigimar Kilingonawa da mutanen duniya ta shigo zauren ma'abota karatu

Sadiƙu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Daren jiya na kalli tsohon fim ɗin nan na Star Trek, kashi na shida, wanda ya fito a 1991. Akwai wurin da aka gayyaci Gorkon, shugaban Kilingonawa (wasu baƙin halittu daga wata duniya), cin abinci a cikin kumbon Kyaftin Kirk. Ana cikin hira sai ya ce wa mutanen duniya wai ba su ɗanɗani Shakespeare ba tukuna, sai ranar da suka karanta shi cikin harshensa na asali, wato Kilingonanci. Abin ya ɗaure mini kai. A cikin duniyar fim ɗin, da gaske yake yi? Su suka rubuta Hamlet, shahararren wasan nan nasa, 'yan Adam suka sace, ko kuwa zolaya ce kawai?

Nura Injiniya: Wa alaikumus salam. Sadiƙu, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Bari mu yi lissafi da shekarun su masu fim ɗin. Wannan liyafa a shekarar 2293 aka yi ta. Haɗuwar farko tsakanin mutum da Bakilingone kuwa, bisa labarinsu, a 2151 ce, lokacin da jirgin wani daga cikinsu ya faɗo a gonar masara a Amurka. Babban kundin wasannin Shakespeare an buga shi a Landan tun 1623. Shekara 528 ke nan tsakani. To ta wace hanya Bature mai rubutu da gashin tsuntsu ya samu littafin mutanen da ko labarin wanzuwarsu bai taɓa ji ba? Gorkon tsokana yake yi, kuma ya san tsokana yake yi.

Anti Bilki: Injiniya, kada ka yi saurin rufe shari'a. Ai a wannan duniyar tasu baƙi sun sha sauka doron ƙasa tun kafin 2151. Ka manta da shirin da suka haɗu da Afolo na Girkawa, ashe baƙo ne daga sama? Ga kuma dattijon nan Flint da ba ya mutuwa, wanda ya ce shi ne Leonardo da Vinci, shi ne Brahms mai kiɗa, kuma har kwafin wannan kundin na 1623 aka gani a gidansa. Duniyar da mutum ɗaya zai zama mai zane a wannan ƙarni, makaɗi a wancan, me zai hana wani Bakilingone ya ɓace hanya ya faɗo Ingila?

Nura Injiniya: Anti, da wannan goshin nasu mai kunya-kunya kamar gonar dankali? A Landan ta zamanin Sarauniya Alsabatu ta ɗaya? Ai kafin ya rubuta layi biyu an rataye shi da sunan maita.

Anti Bilki: Sai ya ja hula ya rufe, ƙanena. Kuma kai da kanka ka san a shirye-shiryen 1960 da wani abu goshinsu sumul yake.

Sadiƙu: To ni dai yanzu kun ƙara rikita ni.

Nura Injiniya: Bari in warware maka. Fim ɗin gaba ɗayansa cike yake da irin wannan wasan na "namu ne". Spock, wanda ba ya dariya, ya kawo wata magana a kan tafiyar Nixon ƙasar Sin ya ce wai tsohon karin maganar mutanensu na Vulcan ne. Can gaba ya ɗauko zancen Sherlock Holmes ya ce wani kakansa ne ya faɗa. Tun a shirin talbijin na farko ma haka Chekov ɗan Rasha yake, duk abin da aka ambata sai ya ce a Rasha aka ƙirƙiro shi. Kuma ka tuna lokacin da fim ɗin ya fito: Disamban 1991, watan da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Praxis, watan da ke kewaya duniyar Kilingonawa, da ya fashe a farkon fim ɗin, hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl ake nufi. Shi Gorkon kuwa ai ko daga sunan ka ji ƙamshin Gorbachev. Abokan gaba ne suka zauna kwano ɗaya karo na farko, kowa yana gwada wa ɗan'uwansa cewa shi ma fa ɗan dangi ne.

Amma abin dariyar bai tsaya nan ba. Akwai wata ƙungiya ta masu nazarin harshen Kilingonanci a Amurka, suka ɗauki maganar Gorkon da gaske. Mutum biyu, Nick Nicholas da Andrew Strader, suka fassara Hamlet daga farko har ƙarshe, aka buga a 1996, aka sake bugawa don kasuwa a 2000. Ba su kira shi fassara ba. Cewa suka yi sun "maido da asali". Sunan marubucin ya koma Wil'yam Shex'pir, yariman ya koma Khamlet, ɗan sarkin Kronos, duniyar Kilingonawa. A gabatarwar littafin, da muryar hukumar Kilingonawa aka rubuta ta, ana zargin gwamnatin 'yan Adam da farfaganda, wai ta ƙirƙiro wani Bature na ƙarya don ta ƙwace musu gado.

Malam Habu: Barkanku da hira. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da adabin Turanci a sakandare kafin in yi ritaya, Julius Caesar da Macbeth sun ci mini alli ba kaɗan ba. Abin da ya burge ni a wannan littafin da Nura ya ambata shi ne yadda suka karanta halin yariman. A wurin Bature, Hamlet mutum ne mai zurfin tunani. A wurin Bakilingone kuwa, ɗan da aka kashe ubansa ya tsaya yana surutu har wasa ya kusa ƙarewa bai ɗauki fansa ba, abin kunya ne, alamar masarauta ta lalace. Wasa ɗaya, kalmomi ɗaya, amma abin da wannan ya kira hikima wancan ya kira ragwanci. Na tuna ɗalibaina. Duk shekarar da muka taɓa labarin sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to me yake jira?" Ashe Kilingonawa nake koyarwa ban sani ba.

Kawu Isa: Ku dai ku yi ta wasa da aljanun fim. Ni maganar gaskiya zan kawo. Ko a nan duniyar ai ba a tabbatar Shakespeare ne ya rubuta ba. Mutumin da ubansa majemi ne mai ɗinka safar hannu, bai shiga jami'a ba, babu shaidar ya taɓa fita daga Ingila, ina ya san fadar sarakuna? Ina ya san Venis da Verona? Sa hannunsa shida kacal suka rage, kuma ba a rubuta sunan iri ɗaya ba. A wasiyyarsa ya ambaci gadon kwana da zai bar wa matarsa, amma ko littafi ɗaya bai ambata ba. Malam Habu, kai malami ne, ka taɓa ganin malamin da ya mutu aka raba gado babu littafi? Ni na fi yarda da masu cewa Balarabe ne, Shaihu Zubairu. Marigayi Gaddafi ma ya faɗa.

Sadiƙu: Kawu, Shaihu Zubairu kuma? Yau ake yin ta.

Malam Habu: Alhaji Isa, Allah ya ja kwana. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, amma in fara da Shaihun naka. Maganar ta faro ne a matsayin barkwanci, daga bakin Ahmad Faris al-Shidyaq, marubucin Lebanon na ƙarni na 19, saboda sunayen biyu sun yi kama a kunne. Daga baya wani masani ɗan Iraƙi, Safa Khulusi, ya ɗauke ta ya yi mata rubutu, sannan Gaddafi ya maimaita a 1989. Ka ga tafiyarta: raha ta zama maƙala, maƙala ta zama jawabin shugaban ƙasa. Tafiyar da maganar Gorkon ta yi ke nan, daga teburin cin abinci zuwa littafi mai bango. Bambancin kawai, masu Khamlet sun san wasa suke yi.

Batun jami'a kuwa, uban Shakespeare ba ƙaramin mutum ba ne a garinsu Stratford, ya riƙe babban muƙamin garin a 1568. Akwai makarantar nahawu a garin, inda yara ke shan Latin tun safe har yamma, kuma ɗan mai irin wannan muƙami yana da damar shiga. Ben Jonson, abokin sana'arsa, a gidan magini ya tashi, shi ma bai yi jami'a ba, amma ba wanda ya taɓa cewa wani ne ya rubuta masa. Shi Jonson ɗin ne ma ya rubuta waƙar yabo a kundin 1623, ya danganta shi da kogin Avon na garinsu, kuma a cikin yabon bai fasa tsokanarsa da cewa Latin ɗinsa kaɗan ne, Girkancinsa bai ma kai haka ba. Wanda ya san ka ne ke yi maka irin wannan.

Wasiyya kuma, ka karanta rabi ka bar rabi. A cikinta ya bar wa mutum uku kuɗi, sule 26 da kwabo 8 kowannensu, su sayi zoben tunawa da shi: Burbage, Heminges da Condell. Dukansu 'yan wasan kwaikwayo ne na ƙungiyarsa. Biyu na ƙarshen su ne suka tattara wasanni 36 suka buga shekara bakwai bayan mutuwarsa. Littattafai kuwa a takardar lissafin kaya ake jera su, ba lallai a wasiyya ba, kuma tasa takardar ta ɓace.

Kawu Isa: To sanin Italiya fa, Malam?

Malam Habu: Wane sani? Mutumin da ya ba ƙasar Bohemiya gaɓar teku, ya sa agogo yana bugawa a Rum ta zamanin Kaisar? Na sha nuna wa ɗalibai wannan wurin muna dariya. Labaran Italiya a littattafai ya same su. Othello daga wani labarin Cinthio ne na 1565. Kai ma Alhaji ka san Bagadaza ta zamanin Haruna Rashid kamar tafin hannunka, yaushe ka je?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na ƙetaren iyaka. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da irin wannan ciwon. A 1919 wani marubuci, Pierre Louÿs, ya fito ya ce wasannin Molière ba shi ya rubuta ba, Corneille ne. Hujjar ita ce dai wadda Kawu ya kawo: ɗan wasa mai yawo gari-gari yana ba mutane dariya, ina ya ga basirar wannan rubutu? Abin da na lura shi ne, duk wanda aka ɗauko a ce shi ne marubucin ɓoye, sai ka tarar ya fi wanda ake tuhuma daraja a idon manya. Ban taɓa jin an ce wasannin wani basarake bawansa ne ya rubuta masa ba.

Anti Bilki: Ɗan Maraɗi ka gama magana. Ku duba jerin waɗanda ake cewa su suka rubuta wasannin Shakespeare: Francis Bacon, babban lauya kuma mai riƙe da hatimin sarki. Edward de Vere, hakimin Oxford na 17. Kuma fa duk tsawon rayuwar mutumin, da shekara fiye da ɗari biyu bayan mutuwarsa a 1616, ba a yi wannan gardama ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19, bayan an gama ɗaga shi sama an mai da shi kamar waliyyin adabi, sannan aka waiwaya aka ga ashe mutum ne mai ba da bashi, mai sayen filaye, mai kai ƙarar maƙwabci a kan 'yan kuɗi kaɗan. Sai aka ji kunya. Delia Bacon ta fitar da littafinta a 1857. Mai maganar Oxford, wani malamin makaranta Looney, sai a 1920.

Kawu Isa: Hajiya, ai ba ƙananan mutane suka yi shakka ba. Mark Twain ya yi. Freud ya yi.

Anti Bilki: Sun yi, Kawu, ban musa ba. Amma girman mutum a fanninsa ba ya tayar da matacce. De Vere ya mutu a 1604. The Tempest ta dogara da labarin jirgin ruwan da ya tarwatse a tsibirin Bamuda a 1609. Sai dai in daga kabari yake aiko da rubutu. Marlowe kuwa, marubucin wasanni da shi ma ake cewa shi ne, tun 1593 aka soke shi da wuƙa a Deptford, shi ya sa masu goyon bayansa dole su ce mutuwar ƙarya ya yi ya gudu. In har za mu yarda da wannan, wallahi Bakilingonen da ya ja hula ya fi sauƙin gaskatawa.

Nura Injiniya: Anti ta dawo layinmu.

Kawu Isa: Ni dai ban sauka ba. Ba hayaƙi sai da wuta.

Malam Habu: Akwai wuta, Alhaji, amma ba a inda kake nema ba. Abin da masana suka tabbatar shi ne bai rubuta komai shi kaɗai ba. Ya yi haɗin gwiwa da John Fletcher a Henry na Takwas, akwai hannun Middleton a Timon, har bugun Oxford na 2016 ya sa sunan Marlowe tare da nasa a wasannin Henry na Shida. Sana'a ce, ana sauri, gidan wasa na jiran sabon kaya, kamar yadda ake rubuta fim a yau. Kuma labaran kusan duk aro ne. Shi kansa Hamlet, labarin Amleth ne da Saxo ya rubuta a Denmak wajen shekarar 1200, ya biyo ta Faransanci, har an yi wani wasan Hamlet a Landan kafin nasa, wanda ya ɓace. Tun a 1592 aka buga wata ƙasida da sunan Robert Greene ana kiransa hankaka mai ado da gashin wasu. Da na fara karanta wannan sai da na ajiye littafin na yi dariya, don kirarin da muke yi wa tsuntsun ke nan: hankaka, mai da ɗan wani naka. Amma ku lura, mai zagin bai ce ba shi ke rubutun ba. Haushinsa shi ne ɗan wasa marar digiri ya shigo gonarsu yana cin kasuwa.

Ɗan Maraɗi: To in haka ne ai Gorkon bai yi laifi ba. Ɗan Denmak ya ba Bafaranshe, Bafaranshe ya ba Bature, shi ma ya karɓa.

Malam Habu: Jamusawa sun riga shi. Tun da Schlegel ya fara fassararsa a 1797 suke ce masa "Shakespeare ɗinmu", har ƙungiya suka kafa masa a Weimar a 1864, kuma akwai masu cewa ya fi daɗi da Jamusanci. Nyerere yana shugaban ƙasa ya zauna ya juya Julius Caesar zuwa Suwahili. Mu ma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu. Wa ya sani, nan da shekara ɗari uku wani jikanmu ya zauna a kumbo ya ce sai ka karanta shi da Hausar asali.

Sadiƙu: Malam, da Sakkwatanci ko da Kananci?

Ɗan Maraɗi: Da Katsinancin Maraɗi mana, sauran ai fassara ce.

Nura Injiniya: Tun da an zo maganar harshe, ga wani abu da zai yi wa Anti Bilki daɗi, ita da take aikin fassara. Marc Okrand, masanin harshen da ya gina Kilingonanci, ƙamusunsa ya fito a 1985, da gangan ya gina shi babu fi'ilin nan na "kasancewa" da Turanci ke jingina da shi. Kwatsam aka ce masa ana son shahararren layin Hamlet, "To be or not to be", a fim. Ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauko kalmar "rayuwa", ya kawo yIn pagh yInbe'. Christopher Plummer, wanda ya fito a Janar Chang, ya ji ya ce sam, wannan ba ta da ƙarfi a bakin mayaƙi. Okrand ya koma ya ɗauko taH, mai ma'anar ci gaba ko ɗorewa, aka samu taH pagh taHbe'. Ka ga harshen da ake cewa shi ne na asali, layin da ya fi shahara a wasan ma sai da aka yi masa faci.

Anti Bilki: Wallahi na tausaya masa, don mu ma ramin da muke faɗawa ke nan. Hausa ba ta da kalma ɗaya a wurin. Muna da "ne" da "ce", muna da "akwai", muna da "zama", muna da "kasance", kowacce da aikinta. Ka ce "a kasance ko kada a kasance", ka yi fassarar ofis, ba wanda zai ji komai a ƙirjinsa. Ka ce "a rayu ko a mutu", ma'ana ta fito amma ka tona abin da yariman yake kewayewa, don shi bai ambaci mutuwa a layin farko ba, sai da ya yi nisa. Ni da za a ba ni aikin, "a ci gaba ko a haƙura" zan sa.

Malam Habu: Hajiya Bilki, "haƙura" ta yi laushi, kuma ta juya maganar. A wurinsa ai haƙurin shi ne zaman, shi ne jure kiban ƙaddara. Wanda ya haƙura shi ne wanda ya ci gaba.

Anti Bilki: Haka ne kuwa, Malam. Na janye. To "zama ko tafiya"?

Malam Habu: Wannan ta fi. Muna cewa zaman duniya, muna cewa wane ya tafi. Kuma can ƙasa a jawabin ya kira mutuwa ƙasar da matafiyinta ba ya dawowa, wadda daga ita aka ɗauko sunan fim ɗin da Sadiƙu ya kalla, The Undiscovered Country, ko da yake Gorkon ya murɗe ta ya ce gobe ake nufi. Sai dai ina tsoron ɗan kallo zai ɗauka baƙo ne ke shawarar ko ya kwana.

Kawu Isa: Ku tambayi Shaihu Zubairu, da Larabci ya rubuta: akunu au la akunu. Kun ga ta zauna daram babu faci.

Nura Injiniya: Kawu bai sauka ba har yanzu.

Kawu Isa: Ban sauka ba. Malam Habu, gobe in Allah ya kai mu zan kawo maka maganar sa hannun nan shida, don ka tsallake ta ina kallo.

Malam Habu: Na tsallake ta kuwa. Kawo, amma ka zo da takardun makarantar 'ya'yanka, mu ƙirga iri nawa aka rubuta Muhammadu.